Keken da Aka Kawo Yanka

Har gobe ban manta da ranar da aka sauke mana wani baƙin keke daga saman motar haya aka ce mu yanka shi ba. Ranar kasuwar Gwaram ce, damina ta yi tsakiya, a shekarun nan da babura suka cika gari har mutane suka fara yi wa mai keke kallon wanda duniya ta wuce ta bari. Tun da yau ake yaye wasunku, kowa zai tafi ya kafa rumfarsa, bari in ba ku labarin, don duk abin da na sani game da birki a jikin keken nan na gama saninsa.

Ga waɗanda suka zo taya mu murna ba 'yan sana'a ba, rumfar gyaran keke hawa-hawa ce. Akwai mai koyo, wanda aikinsa faci da buga iska da miƙo sifana. Akwai babban hannu, wanda aka yarda ya kwance keke ya ɗaure ba tare da an tsaya a kansa ba. Sai maigidan rumfa, wanda in aiki ya yi kyau sunansa ne, in ya ɓaci ma sunansa ne. A lokacin ni ne babban hannu a rumfar marigayi Baba Ɗanlami, Allah ya jiƙansa, wanda kuma shi ne shugaban masu gyaran keke na kasuwar. Yanka keke kuwa shi ne a wargaza shi, a zare abin da zai moru a zuba a kwando, sauran a ba 'yan gwangwan. Aikin da na fi tsana ke nan a sana'ar nan, ko yau aka ce in yi sai raina ya ɓaci.

Wanda ya kawo keken Alhaji Tanimu ne, direban da ke jigila tsakanin Gwaram da Birnin Kudu. Mutum ne mai faɗa da cikawa, ba ya magana biyu. Ya jingine keken a jikin ginshiƙin rumfa, ya gaida Baba Ɗanlami, ya ce, "Baba, na Baffa ne. So nake a yanka shi yau ɗin nan. Ba sai an ba ni komai ba, ni dai kada ya koma gida da ƙafafunsa."

Duk wanda ke kasuwar ya san Baffan da yake nufi. Mahaifinsa ne, Malam Hamidu na Kwandiko, malamin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana zagaya rugage da ƙauyuka yana karantar da magidanta, mutanen da kiwo da noma ba su bar su sun zauna a makaranta suna yara ba. Littattafansa a bayan keken nan suke yawo, kuma hanyoyin da yake bi ko babur ba ya son su da damina. Tanimu ya ce a 'yan makonnin nan sau biyu Baffa yana faɗuwa, na ƙarshen a gangaren rafin da ke hanyar garinsu, inda keken ya zarce da shi har cikin ruwa, ya gurɗe a kafaɗa, littattafai suka jiƙe. Iyali sun zauna sun yanke cewa tsufa ne, hannunsa ya daina iya matse birki. Daga yau sai dai ya zauna a zaure, mai son karatu ya same shi.

Baba Ɗanlami ya tuna masa ƙa'idarmu. Keken da aka kawo yanka ba a taɓa shi sai kasuwa ta zagayo, saboda kada a wayi gari a ce na sata ne, ko mai shi bai yarda ba. Tanimu bai so ba, amma ƙa'ida ce da ta girme shi, dole ya haƙura.

Suna cikin wannan maganar ni kuwa na tsuguna a gaban keken, don ba na iya ganin keke ban taɓa birkinsa ba. Irin na da ne, mai birkin sanda, ba mai waya irin na gwanjon da kuke gani yanzu ba. Kana matse hannun birki, siririyar sandar ƙarfe ta ja wani lanƙwasasshen ƙarfe, shi kuma ya ɗago robobi biyu su danne garen ƙafar keken, wato zoben ƙarfen da taya ke zaune a kansa. Na matse hannun birkin baya, ya tafi har ya haɗu da kan keke bai kama komai ba. Birkin gaba kuwa babu shi gaba ɗaya, kamar yadda yake a kusan kowane keke a ƙasarmu, don mutanenmu sun haƙiƙance birkin gaba shi ke wuntsila mutum, saboda haka tun keke na sabo ake cire shi. Sai na shafa yatsana a jikin gare. Ya fito baƙi ƙirin, yana santsi. Na duba da kyau, sai na ga a ƙarƙashin maiƙon duk garen ya karce, kamar an daɗe ana dirzarsa da yashi.

Na ɗago na ce, "Alhaji, wa ke kula da keken nan ne?"

Sai fuskarsa ta saki a karon farko. Ya ce, "Ni ne da hannuna. Tun da na ga tsatsa ta fara cinsa farkon damina, duk safiyar Juma'a sai na tsaya gida na goge shi tas da baƙin man da nake juyewa daga motata. Kai duba, ko ɗigon tsatsa ka gani?"

Wallahi magana ta zo mini har baki. Kun san ni, ba na iya ganin an cuci birki in yi shiru. Sai na ji ƙafar Baba Ɗanlami a kan tawa, ya taka ni da ƙarfi yana ci gaba da yi wa Tanimu murmushi. Na haɗiye maganata, Tanimu ya shiga motarsa ya tafi.

Da kasuwa ta watse na ce, "Baba, ka ga abin da na gani?"

Ya ce, "Na gani, Iro. Ka kuma ga mutanen da ke tsaye? Ka ce wa ɗa a gaban jama'a shi ya jefa ubansa a rafi?"

Na ce, "To a bar ni in gyara shi."

Ya girgiza kai. "Ba gyara aka kawo mana ba. In ka gyara, tsohon nan ya hau ya sake faɗuwa, ba kai za a kira ba, ni za a kira. Kuma ka san ba mai ne kaɗai ba, hannun nasa ma ya yi sanyi."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ƙona mini rai. Na kwana ina juya abin.

Washegari da hantsi ina ɗaure sarƙar wani keke sai na ji sallama. Malam Hamidu ne, da sanda a hannu, ƙafafunsa duk taɓo. Wani mai babur ya rage masa hanya, sauran ya tako. Muka shimfiɗa masa tabarma, muka gaisa, idonsa yana kan kekensa kamar wanda ya zo dubiya asibiti. Da ya huta ya dubi Baba Ɗanlami ya ce, "Ɗanlami, akwai mutane a rugar Ardo da muka kusa sauke littafi da su. Dukkansu masu furfura ne. Ba za su bar shanu su zo zaurena ba, ni na sani. In aka yanka keken nan karatunsu aka yanka."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, miƙo hannunka ka matse nawa." Ya matse. Ba matsar saurayi ba ce, amma ta isa ta tsayar da keke in birkin na gaskiya ne. Na ce masa laifin ba na hannunsa ba ne, na fara kame-kamen yadda zan yi masa bayanin mai ba tare da na ambaci sunan kowa ba. Sai ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Na sani, Iro. Duk Juma'a in na fita bayan gari sai in tsaya in dirje ƙafafun da yashi. Da farko yana yi, daga baya ya daina yi."

Na ce, "Malam, ka sani ka yi shiru? Ai sai ka hana shi!"

Ya ce, "Yaron nan tun da ya fara tuƙi ba na ganinsa sai wucewa. Safiyar Juma'ar nan ce kaɗai yake tuɓe babbar riga ya tsuguna a gabana, yana goge keke muna hira. In na ce masa yana ɓata mini birki, kunya za ta hana shi sake taɓa keken. Kada ka gaya masa. Ka dai gyara in za ka iya."

Na juya na dubi Baba Ɗanlami. Ya miƙe ya taka benci, ya sa hannu cikin tarkacen da ke rataye a rufin rumfa, ya daɗe yana lalube, sai ga shi ya zaro wani lanƙwasasshen ƙarfe duk yanar gizo. Birkin gaban keken ne. Shi ya cire shi da hannunsa tun keken na sabo, kuma Baba Ɗanlami ba ya yar da ƙarfe. Ya miƙo mini ya ce, "Kafin kasuwa ta zagayo. In ban gamsu ba, ni da kaina zan yanka shi."

Yanzu ku saurara da kyau, don aikin da na yi shi ne aikin da za ku riƙa yi. Na fara da kwance birkin gaba ɗaya, sanda da noti da sifirin, na jera su a kan buhu yadda suka fito, don kada wajen mayarwa in yi ta zare ido. Robobin da na tarar ba robobin birki ba ne, guntayen tayar mota ne da aka yanka aka cusa, irin dabarar da kowa ke yi. Sun sha mai sun ƙoshi, shi ya sa yashin Malam ya daina amfani: yana goge gare, roba tana sake shafa masa. Robar da ta sha mai ba ta wankuwa, kada wani ya ruɗe ku. Jefar da su na yi. Na wanke garen da fetur, na bi da ruwan sabulu, na shanya, sannan na bi shi da sanfefa mai laushi har sai da yatsana ya riƙa turjewa a kansa.

Daga nan na koma kan ƙafafun. Birkin sanda ba ya yafe wa garen da ya karkace, in akwai tudu a jikinsa sai ya riƙa kamawa yana saki, keke yana fizga. Na kife keken, na riƙe alli kusa da gare ina juya ƙafa, duk inda allin ya taɓa nan ne tudun. Na bi sifok, siraran wayoyin ƙafar, ɗaya bayan ɗaya, wannan in ɗaure, wancan in sassauta, har ƙafa ta riƙa juyawa sumul. Wannan kaɗai ya ci mini yini.

Matsalar hannun Malam kuwa a gaɓoɓin sandar na same ta. Tsakanin hannun birki da ƙafar baya akwai mahaɗai, kowace da ƙusarta, kuma duk sun cinye sun yi sako-sako. Kafin matsar hannu ta isa ga roba, rabinta ya zube a hanya. Saurayi zai iya cike gurbin da ƙarfi, tsoho ba zai iya ba. A Gwaram ban sami ƙusoshin da robobin kirki ba, sai da na shiga mota na je Birnin Kudu, na bi shago-shago, ana ce mini wa ke neman kayan keken kakanni yanzu. Na dai samo a wurin wani dattijo a bayan tasha. Da na dawo na canza ƙusoshin, na ɗiga wa kowace gaɓa mai ɗigo guda, na goge abin da ya malalo. Na zura robobi a gidajensu, na tabbatar rufaffen bakin gidan yana fuskantar inda ƙafa ke juyawa, don in ka juya shi baibai, ranar da aka matse birki da gaske robar fita za ta yi ta bar mutum da Allah. Sannan na sassauta notin sanda, na ɗago robobi har suka kusa shafar gare, na ɗaure. Na mayar da na gaba, na saita shi ya riƙa kamawa bayan na baya da kaɗan.

Baba Ɗanlami ya zo ya sa yatsu biyu ya taɓa hannun birki, keken ya kafe. Ya juya ƙafa, ba ta gogar komai. Ya hau ya zagaya bayan kasuwa ya dawo, ya sauka, ya ce, "Hm." A bakin Baba Ɗanlami wannan lambar yabo ce.

Sauran kwanakin Malam ya riƙa zuwa filin makaranta ina koya masa. Ku yi tunani, mutumin da ya fara hawan keke kafin a haife ni. Tsoron birkin gaba ya shige shi har ƙashi, da kyar na shawo kansa. Na nuna masa ya fara da na baya, ya biyo da na gaba a hankali, ya ja jikinsa baya a kan sirdi. Na kuma gaya masa in gare ya jiƙe, tun daga saman gangare ya riƙa ɗan taɓa birki yana saki don roba ta share ruwan. Yana dariya ya ce, "Yau ga Hamidu ya koma ɗalibi."

Da kasuwa ta zagayo Tanimu ya zo ya tarar da keke a tsaye, ga mahaifinsa zaune a gefe. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Baba Ɗanlami, haka muka yi da kai? Malam Iro, in wani abu ya sami Baffa, kai za ka ba ni wani?"

Baba Ɗanlami ya ce, "Mai keke ya zo da bakinsa ya ce bai yarda ba, ka san ƙa'ida. Amma ba mu ce ka yarda da mu ba. Kai direba ne, ka san yadda ake gwada birki. Zaɓi wuri."

Tanimu ya ce, "Inda ya faɗi. In ya tsaya kafin ruwa, na janye. In ƙafar keken ta taɓa ruwa, Baffa, ka yi mini alkawari ka haƙura."

Malam ya ce, "Na yi."

Bayan la'asar muka ɗunguma. Labari ya riga mu, don da muka isa gangaren mun tarar da mutane, har da dattawan rugar Ardo da sandunansu a kafaɗa. Gangaren ba wasa ba ne, dogo ne, ga tsakuwa, ga rafi ya kawo ruwa a ƙasansa. Tanimu da wasu samari suka shiga ruwa har gwiwa don su tare shi in ya zarce. Malam ya sa aka ɗaure masa littattafansa a kariyar da ke bayan sirdi, ya ce ba zai yi gwajin ƙarya da keke ba kaya ba. Har ya ɗora ƙafa a feda sai Tanimu ya ɗaga murya ya ce a dakata. Ya cika buta a rafi, ya hauro, ya kwarara wa ƙafafun keken duka biyu. Ya ce, "Damina ake. Ranar da ya faɗi ma a jiƙe suke." Sannan ya gangara ya koma cikin rafin.

Garen ƙarfe in ya jiƙe ko sabon birki sai ya yi wasa. Malam ya dube ni, na gyaɗa masa kai.

Ya yi bisimilla ya sako keke. Daga sama na ga yatsunsa suna taɓawa suna saki, yadda muka yi a fili. Keken ya ɗauki gudu, babbar riga ta cika da iska, wani daga cikin dattawan ya fara salati. Ya wuce tsakiyar gangare bai rage ba, har na ce a raina shi ke nan. Sai na ji ƙarar da nake jira, robar da ta sami busasshen ƙarfe ta kama. Malam ya ja jikinsa baya, keken ya lafa, ya lafa, ya tsaya cak a kan busasshiyar ƙasa, da sauran fili tsakaninsa da ruwa da za a iya shimfiɗa tabarma. Ya sauke ƙafa ɗaya, ya kaɗa ƙararrawa, ya dubi ɗansa da ke tsaye tsamo-tsamo cikin rafi ya ce, "Tanimu, fito mana, kada sanyi ya kama ka."

Wuri ya kaure da kabbara. Ni kuwa, babban mutum da ni, sai ga ni ina gudu ina gangarowa ina ihu, hula ta faɗi ban sani ba. Dattawan ruga suka kewaye Malam, kowa na son ya taɓa hannun birki ya ji. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na wannan yammacin ba.

Tanimu ya fito, ya tsuguna ya duba aikin, ya miƙo mini hannu ya ce, "Na janye. Me ka yi masa haka?" Na lissafa masa ƙusoshi da robobi da birkin gaba. Amma Juma'a na tafe, kuma na san in ban yi magana ba aikina a banza. Sai na ce, "Alhaji, sabon birkin nan yana da sharaɗi guda. Sarƙa da gaɓoɓi suna son mai. Gare da roba kuwa ko ƙamshinsa ba sa so, kamar dai birkin motarka."

Direba ne, ba ya bukatar ƙari. Na ga murmushin ya bar fuskarsa. Ya shafa garen, ya dubi yatsansa, ya dubi rafin, sannan ya dubi mahaifinsa. Ya ce, "Baffa, ashe ni ne..."

Malam bai bari ya ƙarasa ba. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Juma'a mai zuwa ka zo da tsumma biyu, ɗaya na mai, ɗaya busasshe. Ka zo da wuri, akwai hira."

Kafin kaka ta shigo dattawan rugar Ardo suka sauke littafinsu, aka gayyace mu walima ni da Baba Ɗanlami, muka sha fura da nono har muka kasa tashi. Malam ya ci gaba da zagayensa shekaru bayan nan, har ranar da shi da kansa ya ce ya isa. Keken yana nan a zauren Tanimu, kuma an ce mini har yanzu yana goge shi.

To ga abin da nake so ku tafi da shi. In an kawo muku keke an ce mai shi ya tsufa, ku fara shafa gare kafin ku yarda. Kada ku cire wa kowa birkin gaba, ku koya masa yadda ake matse shi. Kuma in kun gano wanda ya ɓata aiki, ku duba da wace niyya ya ɓata kafin ku buɗe baki, don sau da yawa wanda ya shafa wa birki mai shi ne wanda ya fi kowa son mai keken. Ni sai da aka taka mini ƙafa na koyi wannan, ku ga shi na ba ku a zaune.